Wai minshari ne kawai

Har yanzu jikina rawa yake. Jiya a wani shagon kayan asibiti a Garki wani yaro da bai kai ɗana na fari ba ya dubi tsabar idona ya ce, "Hajiya, duk wannan tayar da jijiyar wuya a kan minshari?"

Maigidana numfashinsa ɗaukewa yake cikin barci. Maƙogwaro ya rufe, ƙirji na ta fama, iska ba ta wucewa, sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Gwajin barci ya nuna abin ya haura sau 30 a awa guda, matakin da likitoci ke kira mai tsanani. Hawan jininsa ya ƙi jin magani, kuma a hanyar Kubwa ya taɓa gyangyaɗawa yana riƙe da sitiyari. Shekaru ke nan muna fama da tsohuwar na'urar CPAP ta gwanjo, mai hura iska da ƙarfi ɗaya tun dare har asuba. Ba ya iya fitar da numfashi a kanta, cikinsa ya kumbura da iska, takunkumin ya ci masa karan hanci, da hunturu har haɓo yake yi. Shi ya sa likita ya rubuta BiPAP, wadda ke ƙara ƙarfi idan zai shaƙa, ta sassauta idan zai fitar.

Na miƙa wa yaron takardar likitan. Bai ko taɓa ta ba, yana ta latsa waya. Na ce, "Ɗana, don Allah duba min." Ya ɗago a yatsine, ya turo min kwalin irin wadda muke da ita a gida, wai ai duk iska ce. Na ce ba ita likita ya rubuta ba. Ya ce to BiPAP ta manya ce, ya buga lissafi da farashin dala na ranar, ya juyo min da wayar ko baki bai buɗe ba. Na tambaya ko za a ba mu gwaji, ko a karɓi tsohuwar na'urar, mu cika kuɗin. Sai ya yi dariya, ya waiwayi abokin aikinsa, ya ce, "Ki raba ɗaki da Alhaji mana, ya fi sauƙi." Ni da nake kwana hannuna a ƙirjinsa ina jiran numfashi ya dawo!

Amma wa ya ba yaron nan baki in ba gwamnati ba? Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500, kuma na'urar da tiyo da takunkumi duk daga waje ake shigo da su. An sa hannu a dokar inshorar lafiya ta dole a 2022, ana yankar albashin maigidana duk wata, muka je aka ce na'urar ba ta cikin tsari. Ko ka saya, da wace wuta? A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awannin rana, naira 225 kowane yunit, mu da ba a rukunin ba ƙarfe biyun dare ake ɗaukewa, na'ura ta tsaya, mutum ya farka yana kakari. A nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi tun 2001, har yau ba mu kai ba. Su da ɗan ciwon kai ke kai su Landan, yaushe za su san akwai matan da ke kwana suna gadin numfashin mazajensu?