Ƙarin maki ba ya koya wa ɗalibi karatu

A wasu darussa a jami'o'in Amurka an daɗe ana auna ɗalibi da 'yan ajinsu, ba da abin da aka koyar da shi ba. Ko dai a raba sakamako bisa kaso, a ce kashi 10 na sama su ne masu A, saura su biyo baya a jere, ko kuma a ɗaga matsakaicin makin aji zuwa inda ake so. Wannan ta biyun ba baƙuwa ba ce a manyan makarantunmu, domin a zaman tantance sakamako ana jin "a ƙara wa kowa biyar".

Mu ɗauki aji mai ɗalibai 60, matsakaicin makinsu 38. Malami ya ƙara wa kowa 12 don a kai 50. Mai 28 ya koma 40, ya haye. Takardarsa tana nan yadda take: bai iya fitar da manufar sakin layi ba, jimlarsa ba kai ba gindi. Badi zai shiga darasin da aka gina a kan wanda bai iya ba, malamin gaba kuma ya sassauta tambayoyi don kada ajin ya zube. A haka ma'auni ke zamewa shekara bayan shekara, ba tare da kowa ya sa hannu a kan cewa a rage shi ba.

Rabon kaso ma zalunci ne ta wata fuskar. A ajin haziƙai, ɗalibi mai maki 72 na iya tashi da C, kuma kowa ya daina taimakon ɗan'uwansa. Jami'ar Princeton ta taƙaita A zuwa kashi 35 a 2004, ta janye tsarin a 2014.

Masu kare ƙarin maki na cewa wani lokaci jarrabawar ce ta yi tsauri. Gaskiya ne, amma maganinsa daban. A bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda na gaba a aji suka faɗi kamar yadda na baya suka faɗi, ko wadda ba ta cikin manhaja, a soke ta, a sake lissafi da sauran. Idan tambayoyin lafiya lau suke, to ajin ne bai iya ba, sai a maimaita darasin a sake zama.

Karatu da rubutu kuwa ba sa karɓar sassauci ko kaɗan. A rubuta ma'auninsu tun farkon zango, a ba ɗalibai, kuma wani malami daban ya sake duba takardu goma daga kowane aji kafin a fitar da sakamako.