Ba basir ba ne, ku daina ɗirka wa yara jiƙo

Wallahi abin da ya sami yaron nan na layinmu jiya ya tsaya min a rai. Ɗan shekara 4, kwana biyar bai yi bayan gida ba, sai aka tsayar da mai maganin basir mai lasifika, aka sayi gora guda aka ɗirka masa. Cikin dare aka kwashe shi ranga-ranga, amai da gudawa. Haba jama'a!

Ba basir ba ne. Taurin bayan gida ne. Yaro ya yi kashi mai tauri sau ɗaya, ya sha zafi, wani lokaci wurin ma ya ɗan tsage har da jini. Daga ranar tsoro ya shige shi. Ke uwa, za ki gan shi ya laɓe bayan ƙyaure, ya harɗe ƙafafu, ya yi ɗage, gumi na keto masa. Ke kin zaci yunƙuri yake, alhali riƙewa yake. Duk kwanan da ya ƙara, hanji na tsotse ruwan kashin, yana komawa kamar dutse. Har mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefe ya ɓata wando, a ce gudawa ce, ko a zane shi wai ƙazami ne. Yaron da ciwo ke ci kuma a haɗa masa da bulala?

Masu cewa ai da jiƙon aka raine mu, na ji ku. Da miyar kuka da kwaɗon zogale da wake ma aka raine mu, ba Indomie da biskit safe da yamma ba. Ba basir ba ne, na sake faɗa.

Ki ba shi ruwa sosai, da gwanda, da kankana. Bayan ya ci abinci ki zaunar da shi a fo minti biyar, ba tsawa. In ya ƙi sauƙi, likita zai rubuta maganin da ke sa kashi ya yi laushi, irin su lactulose, a sha har tsoron ya fita. In ciki ya kumbura ko yana koren amai, asibiti a take. Haka jaririn da ya yi awa 48 da haihuwa bai yi kashin farko ba.

Ku kuma masu makarantu, don Allah ku leƙa banɗakin ɗalibanku. 'Yata tun ƙarfe bakwai take matse kanta har a tashi, saboda ba ruwa, ba buta, ko ƙofa babu. Kuɗin zango kuwa ba a taɓa ɗaga mana ƙafa ba.