Wa ya ce wannan ganima ce?

Jama'a, akwai kalmar da muke yi wa riƙon sakainar kashi, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar an yi tarzoma an fasa shaguna ko rumbunan ajiya, sai ka ji ana cewa "matasa sun kwashi ganima", har a bakin 'yan jarida. Wace ganima?

Daga Larabci muka aro kalmar, kuma da ƙa'idojinta ta zo. Ganima ita ce dukiyar da aka samu daga abokan gaba a fagen fama, ƙarƙashin jagorancin shugaba. Ba kowa ne zai cika buhunsa ya kama gabansa ba. Tarawa ake yi wuri guda, a fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, kamar yadda aya ta 41 a Suratul Anfal ta faɗa, sannan a raba wa mayaƙa sauran. Wanda ya ɓoye wani abu kafin rabo ya yi gululu, kuma aya ta 161 a Ali Imrana ta ce zai zo da kayan ranar ƙiyama. Bayan yaƙin Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira, kibiya ta kashe wani hadimin Annabi (SAW). Mutane suka shiga yi masa barka da Aljanna, sai Annabi ya ce mayafin da ya ɗauka kafin rabo yana ci da wuta a jikinsa. Mayafi ɗaya fa! A dukiyar da shi ma ya halarci samunta.

To ina ga wanda ya ɓalle shagon maƙwabcinsa, Musulmi ne ko Kirista, ya saɓo firiji a ka?

Hausa ba ta yi talaucin kalmomi ba. Idan taro ya rufu a kan kaya kowa na wawura, wasoso ke nan. An wawashe wuri, an yashe shi ƙarƙaf. Da ƙarfi ne, ƙwace. Da makami ne, fashi. Shi kuwa mai babbar riga da ke yin nasa da biro a ofis, rub-da-ciki ya yi (shi ma ai ganima yake kiran kujerar, in ya keɓe da abokansa).

Ko a yaƙin gaske ma, sashe na 33 na yarjejeniyar Jeniba ta huɗu, ta 1949, ya haramta wawashe kayan fararen hula. Abin da ke ba ni haushi shi ne yaron da ya ji manya suna kiran abin ganima: a kunnensa halas aka ce, gobe da shi za a je.