Ba ta taɓa hawa dutse ba, amma sai ta tantance ake yarda ka hau

Jama'a, duk ranar da na ga labari yana yawo a Facebook ba wanda ya tsaya ya binciki tushensa, sai Elizabeth Hawley ta faɗo mini a rai.

Ba'amurkiya ce, haifaffiyar Chicago a 1923. Ta yi aiki da mujallar Fortune, sannan a 1960 ta tattara ta koma Kathmandu, babban birnin Nepal, inda ta zauna har rasuwarta a 2018 tana da shekara 94. Ta daɗe tana aika wa Reuters rahoto, kuma tun hawan da Amurkawa suka yi wa dutsen Everest a 1963 ta duƙufa kan labarin masu hawa duwatsun Himalaya.

Ita kanta ko sansanin da ke gindin Everest ba ta taɓa zuwa ba. Da ta ji tawaga ta iso gari, sai ta buga waya otal, ta zo a 'yar motarta Volkswagen shuɗiya, ta zaunar da su. Ƙarfe nawa kuka kai ƙololuwa? Me kuka hango daga can? Kun shaƙi iskar kwalba? Su wa suka raka ku cikin 'yan Sherpa, mutanen yankin da ke yi wa masu hawa jagora? Ta rubuta amsa, ta gwada da abin da waɗanda suka riga su suka faɗa mata. Jaruman da ba sa tsoron ƙanƙara suna shakkar tambayoyinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne lamarin Oh Eun-sun, 'yar Koriya ta Kudu. A 2010 ta ce ita ce mace ta farko da ta kammala duwatsu 14 da tsayinsu ya haura mita 8,000. Sai shakku ya taso kan hawanta Kangchenjunga, ɗaya daga cikin duwatsun, a 2009. Hawley ba ta ce ƙarya take yi ba, ba ta kuma tafa mata ba. A kundinta ta rubuta cewa akwai taƙaddama, ta bar shi haka.

Wallahi wannan ɗabi'ar nake so na gani a wurin 'yan jaridarmu: mutum ya tsaya daidai inda hujjarsa ta tsaya, ko da kowa na jiran ya ɗauki ɓangare.

Takardun da ta tara su ne suka zama Himalayan Database, rumbun bayanai kan masu hawa duwatsun Himalaya na Nepal. Billi Bierling, Bajamushiyar da ta yi shekaru tana taya ta, ita ta gaje ta, kuma har yau tawagarta na bin masu hawa da irin waɗannan tambayoyin.