Maniyyaci, ka fara shirya ƙafarka kafin jakarka

Jama'a, akwai abin da ba a cika faɗa wa maniyyatanmu a wajen bita ba, kuma ya daɗe yana damuna. Ana koya musu niyya da talbiyya da abubuwan da ke jawo fidiya, wannan kuwa wajibi ne. Ana gaya musu nauyin jakar da jirgi zai ɗauka da yadda za su adana guzuri. Amma da wuya ka ji an tsaya an ce musu aikin Hajji fa da ƙafa ake yin sa. Jirgi iyakarsa Jidda ko Madina. Daga ranar 8 ga Zulhajji zuwa 12 ko 13, ko da an ba ku mota mai sanyi, akwai wuraren da ba abin da zai kai ka sai sawunka.

Mu ɗan yi lissafi. Tsakanin Safa da Marwa kamar mita 450 ne, sau bakwai, kenan sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3. Mai Tamattu'i, wato fara yin Umara sannan a yi Hajji, wanda shi akasarinmu muke yi, sau biyu zai yi shi. Ɗawafi kuwa in cunkoso ya tura ka hawa na sama, kowane zagaye ya ninka na ƙasa nesa ba kusa ba. Sai babbar, wato ranar Sallah. Ka wuni a Arfa, ka kwana a Muzdalifa a kan tabarma ko kwali, barcin ma rabi da rabi, gari na wayewa ka nufi Mina. Tantunan talakawan alhazanmu galibi suna can ƙarshen Mina ta ɓangaren Muzdalifa, daga nan zuwa wajen jifa kilomita 3 ne ko fiye, hanyar dawowa kuma daban take, takan fi tsawo. Wanda ya ce daga jifa zai zarce Harami ya yi ɗawafin Ifada, ya ƙara wa kansa kamar kilomita 5. Gobe a koma jifa, jibi ma haka. Wannan duk a kan dattijon da ko masallacin unguwa a babur ake kai shi.

Nakan ji ana cewa ai kakanninmu a ƙasa suka tafi. Gaskiya ne. Sun bi ta Borno, Wadai, Darfur, har gaɓar Bahar Maliya, wasu sun shekara da shekaru a hanya, wasu ba su dawo ba, ga zuriyarsu can a Sudan har yau. Amma waɗannan mutane ne da tafiya ta zame musu jiki tun suna yara, kuma zango-zango suke yi. Su yi sammako, rana ta take su sauka, damina ta same su a wani gari su tsaya su yi noma. Ba su taɓa ɗaukar gaggawa a matsayin ibada ba. Mu kuwa mun gaji sunan tafiyar, ba mu gaji ƙafar ba.

Saboda haka da ka biya kuɗin kujera, ka fara takawa. Wata uku kafin tashi ya isa in an dage. Bayan sallar Asuba ka yi rabin awa, mako-mako kana ƙarawa, har ka iya awa biyu ba tare da ka nemi wurin zama ba. In ka kai nan, ka gwada yin doguwa kwana biyu ko uku a jere, domin abin da ke kayar da mutane a Mina shi ne tashi da gajiyar jiya a sake fita yau. Ka riƙa rataya ƙaramar jakar da za ka riƙe can, da gorar ruwa a ciki. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya soma.

Maganar takalmi nake so mu daɗe a kanta. Kada ka kuskura ka ajiye sabon takalmi a leda ka ce na Makka ne. Wanda za ka yi Hajji da shi, da shi za ka yi duk wannan atisayen, ya san ƙafarka ka san shi. Namiji mai harami ya nemi wanda ya bar idon sawu a buɗe, mai kaurin ƙasa, mai maɗauri ta baya, domin a cikin turereniya sau ɗaya za a taka maka dunduniya silifa ya fice, kuma ba a sunkuyawa neman takalmi a cikin wannan taro. Na ga wani bawan Allah a hanyar dawowa daga jifa, hancin silifansa ya tsinke, ya ci gaba da takawa ƙafa ɗaya ba takalmi a kan kwalta da azahar. Da aka zo tanti aka duba, fatar tafin ƙafar ta ɗaye, jajawur, shi kuwa cewa yake bai ji komai ba. Ashe ciwon suga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa. Sauran kwanakin a keken guragu ya ƙarasa su. Don haka ka sa silifa na biyu a jakarka kullum. In ka zo shiga Harami ka zuba takalminka a leda ka riƙe, kada ka bar shi a ƙofa, don ƙofar da ka shiga ba lallai ta nan za ka fita ba.

Faso da kaushi a fara maganinsu tun a gida. A yanke farce kafin a ɗaura harami. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi-zafi, ka tsaya gefe ka liƙa filasta kafin ya yi bororo. Sai wani abu da maza ke jin kunyar faɗa: ba wando a cikin harami, ga gumi, cinyoyi sai su yi ta gugar juna har su saluɓe, ka ga ƙato yana tafiya a tale yana cije baki. Basilin marar ƙamshi, a shafa kafin a fita, shi ke nan.

Rana kuwa ba ta da sabo. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari masu Hajji ne ba tasrihi, wato ba izinin hukuma, waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Allah Ya jiƙansu. Wannan ya isa amsa ga mai lallaɓa ka ka bi ta ɓarauniyar hanya wai ya fi sauƙi. A 2025 an umarci alhazai su zauna a tantunansu na Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma ni na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Hawa Dutsen Rahama ba ya cikin Hajji. Manzon Allah (SAW) ya ce nan ya tsaya, amma Arfa duk wurin tsayuwa ce. Ka riƙe laima. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito Usama da Bilal suna tare da Manzon Allah (SAW), ɗaya na riƙe da akalar taguwarsa, ɗaya ya ɗaga mayafi yana kare shi daga zafi har ya yi jifa.

Ka sha ruwa kaɗan-kaɗan tun ba ka ji ƙishi ba, ka riƙe ƙullin gishiri da sukari irin na asibiti. Fitsari in ya yi ja, jiki na neman ruwa. Iyayenmu mata, don Allah ku daina ƙin shan ruwa saboda gudun layin banɗaki. Na san layin yana da tsawo, na san akwai takura, amma wannan dabara ta kwantar da mata da yawa. In kuma abokin tafiya ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya kasa gane ku, ba aljanu ba ne kuma ba lokacin tofi kaɗai ba ne. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a kira ma'aikatan lafiya nan take.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tunanin cewa wahalar da mutum ya ɗora wa kansa da gangan ita ce lada. Annabi (SAW) ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu sun tallafo shi, aka ce ya yi bakance ne zai tafi a ƙasa, sai ya ce Allah ba Ya bukatar wannan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Shi da kansa ya yi ɗawafi a kan raƙumi. Ya yi wa Nana Sauda da masu rauni izinin barin Muzdalifa da dare kafin cunkoso. Keken turawa a ɗawafi da sa'ayi ba abin kunya ba ne. Wakilci a jifa ga wanda ya gaza yana nan, sai dai a tambayi malamin tawaga hukuncinsa tun kafin ranar, don akwai bayani a kan hadaya a mazhabarmu ta Malikiyya.

Kuma a bi lokacin jifa da aka tsara wa tantinku. Ba mu manta 24 ga Satumba 2015 ba, ranar da turmutsitsin Mina ya ci ɗaruruwan 'yan Najeriya, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Kada ka yi gaba da gaba da taro, kada ka tsaya cak a tsakiyar hanya.

Ku kuma da Allah Ya hore muku kuka biya wa Baba ko Inna kujera, Allah Ya saka da alheri, amma da saura. Ku saya musu takalmin tun yanzu, ku sa jika ya riƙa raka su zagayen unguwa da safe. Ku rubuta sunayen magungunansu a takarda ku sa a jakar wuya tare da katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na hukumomin Saudiyya. Sannan ku nemo wani mai jini a jika a cikin tawagar ƙaramar hukumarku, ku je har gida ku gaishe shi, ku damƙa masa amanarsu, ku karɓi lambar da zai yi amfani da ita a can.