Ba Lenin ne ya tuɓe Sarkin Rasha ba

Mutane da yawa sun ɗauka Lenin da 'yan jam'iyyarsa ta gurguzu, wato Bolshebik, ne suka tumɓuke Sarki Nikolas na Biyu. Ba haka ba ne. Lokacin da sarkin ya yi murabus a watan Maris na 1917, Lenin yana gudun hijira a Suwizalan, sai Afrilu ya dawo gida.

Yunwa da yaƙi ne suka kayar da sarautar. Yaƙin Duniya na Farko ya laƙume sojoji ba adadi, jiragen ƙasa suka koma jigilar kayan yaƙi, garin alkama ya yi wuya a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin. Mata kan yi sammakon bin layin burodi cikin tsananin sanyi, wani lokaci su koma gida hannu rabbana. Ranar 8 ga Maris mata ma'aikatan masaƙu suka fito titi, sauran ma'aikata suka mara musu baya. Bayan 'yan kwanaki sojoji suka fara harbi, amma kashegari suka juya suka bi jama'a, har janar-janar ɗin sarki suka ce ya sauka. Dama tun kisan masu zanga-zanga na Janairun 1905 talakawa suka fara dawowa daga rakiyarsa.

Gwamnatin riƙon ƙwarya da ta maye gurbin sarkin, wadda daga baya Kerenski ya shugabanta, ita ce Lenin ya kifar, a watan Nuwamba.