Bolar layinmu ta zama dutse

Wai don Allah yaushe motar kwashe shara za ta tuna da layinmu? Duk Asabar ɗin ƙarshen wata a hana mu fita, mu yashe kwata, mu tara dagwalo a bakin titi, sai ruwan sama ya zo ya mayar da shi inda muka kwaso! Ledar fiya wata ta fi ganyen darbejiya yawa, akuyar maƙwabcina ma ta fi son ta da dusa. Bolar nan ta girma har masu adaidaita da ita suke kwatance. Ga wani ya cinna mata wuta da magariba, hayaƙin roba ya cika min ɗaki, sauro kuwa ko a jikinsa, ƙiba ma yake yi!